Cututtukan Jakunkunan Duburar Kare

Jakunkunan dubura wasu 'yan jakunkuna ne guda biyu da ke ƙarƙashin fata a gefen duburar kare, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Suna tara wani ruwa mai ƙarni wanda kare ke fitarwa kaɗan-kaɗan duk lokacin da ya yi kashi. Idan ƙofarsu ta toshe, ko ƙwayoyin cuta suka samu shiga, sukan cika su kumbura, su yi mugunya, har ta kai su fashe su bar rauni a gefen dubura. Larurar tana cikin waɗanda aka fi kai karnuka asibitin dabbobi saboda su. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Masarautar Ingila da ke Landan ta wallafa a 2021, bayan ta bi bayanan karnuka fiye da 100,000 da aka kai asibitoci a 2013, ya nuna cewa kashi 4.4 cikin ɗari sun yi fama da ita a cikin wannan shekara guda.

A Kano, akan ajiye karnuka a unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa domin gadin kamfanoni da ɗakunan ajiyar kaya. Irin rayuwar da karen gadi ke yi a can, daga abincin da ake zuba masa zuwa tsoron da kowa ke yi masa, ta sa wannan ƙaramar larura kan daɗe ba a gano ta ba, sai ta zama babba.

Yadda halittarsu take

Idan aka ɗaga wutsiyar kare aka ɗauki duburar a matsayin fuskar agogo, jakunkunan suna daidai wajen ƙarfe huɗu da ƙarfe takwas. Ba a ganinsu da ido, domin suna kwance ne a tsakanin tsokoki biyu masu tsuke dubura, ta ciki da ta waje. Girmansu ya danganta da girman karen, amma ƙanana ne ko a jikin babban kare. Kowace jaka tana da siririn bututu guda ɗaya da ya ɓullo a bakin dubura, daidai inda fatar waje ta haɗu da naman ciki. Bangon jakar kuwa cike yake da ƙananan matatsun da ke samar da ruwan.

Ruwan lafiyayyar jaka ba kala ɗaya ba ne. A wani karen ruwan ƙasa ne, a wani toka-toka, a wani kuma ya yi rawaya-rawaya. Wani tsinkakke, wani da ɗan kauri. Abin da ya haɗa su shi ne ƙarni mai naci, wanda in ya taɓa tufa ko kujerar mota yakan daɗe bai fita ba. Kala kaɗai ba ta isa a ce akwai cuta ba, sai in an ga jini ko mugunya.

Lokacin da kashi mai ɗan tauri ke wucewa, yakan danne jakunkunan daga ciki, tsokar waje kuma ta matse su, sai ɗigon ruwan ya fita ya shafi kashin. Da wannan wari kare ke barin shaidarsa a inda ya wuce, shi ya sa karnuka biyu in sun haɗu kowanne ke fara sunsunar ƙarƙashin wutsiyar ɗan'uwansa. Kare kan kuma fesar da ruwan gaba ɗaya idan ya firgita. Kyanwa ma tana da irin waɗannan jakunkuna, sai dai ba kasafai suke ba ta matsala ba.

Daga nan ake gane tushen yawancin matsalar. Jakar ba ta da wata hanyar zubar da abin da ke cikinta sai ta matsi. Duk abin da ya hana kashi yin tauri daidai misali, ko ya raunana tsokar wajen, ko ya kumbura bakin bututun, zai sa ruwan ya zauna.

Matakan cutar da alamominta

Likitocin dabbobi sun kasa larurar gida uku, ko da yake a zahiri matakai ne na abu guda. Na farko toshewa. Ruwan ya daɗe a ciki, ya yi kauri, ya ƙi fita ta siririn bututun, jakar ta cika tam. A wannan mataki kare yana jin nauyi da ƙaiƙayi, ciwon bai yi tsanani ba tukuna. Alamar da kowa ya sani ita ce jan ɗuwawu: kare ya zauna, ya ɗaga ƙafafun baya, ya riƙa jan jikinsa da na gaba a kan siminti ko ƙasa. Yakan kuma yawaita lasar ƙarƙashin wutsiya, ko cizon gindin wutsiyar da cinyoyi har gashin wajen ya zube. Wani yana kwance sai ya zabura ya juya baya kamar an tsikare shi. Ƙarni yakan biyo shi duk inda ya zauna, har da bakinsa, saboda lasar da yake yi.

Mataki na biyu shi ne ƙwayoyin cuta su yi sansani a cikin jakar, bangonta ya kumbura. Nan ciwo yake farawa sosai. Kare ya yi ta yunƙurin kashi yana kuka, ko ya riƙa riƙe kashin don gudun zafi. Ba ya son zama daidai, sai ya karkace gefe guda. Wutsiyar da ya saba ɗagawa sai ya manne ta. Abin da ke fita daga jakar kan zama ruwa-ruwa, rawaya ko kore-kore, wani lokaci da jirwayen jini.

Na uku shi ne tara mugunya. Gefe ɗaya na dubura, ƙasa-ƙasa, ya tashi ya yi ja, ya yi zafi, daga baya ya yi duhu yana ƙyalli. Kare kan yi zazzaɓi, ya ƙi abinci, ya kwanta a lungu. Idan ba a tsaga ba, ƙurjin yakan fashe da kansa, ya bar rami a fata ɗan nesa kaɗan da bakin dubura, yana tsiyayar jini da mugunya. Da yawa sai a wannan rana ake sanin akwai matsala, lokacin da maigadi ya ga jini a inda karen ya kwana. Bayan fashewar kare kan samu sauƙi ya koma cin abinci, sai a ɗauka ya warke. Sau da yawa ramin waje ne kawai ya rufe, cutar tana nan a ciki, bayan 'yan makonni ta sake tasowa.

Akwai wata alama da ta shafi karen gadi musamman, wato sauyin hali. Karen da ya saba da mai kula da shi, in ya fara gurnani ko kai cizo da zarar an taɓa bayansa, ciwo ne ya kamata a fara zargi kafin a ce ya yi mugun hali. Karnuka da dama sun sha duka da sanda a kan laifin da ba nasu ba.

Abubuwan da ake rikita su da ita

Wanda ya ga kare yana jan ɗuwawu, abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne tsutsar ciki. A ƙasarmu wannan zato ba shi da laifi, domin tsila ta yi yawa a jikin karnuka. Wadda aka fi samu, mai suna Dipylidium caninum, tana shiga ne idan kare ya haɗiye ƙuma a wajen susa da haƙora. Gaɓoɓinta kan fito ta dubura suna motsi, farare kamar ƙwayar shinkafa, su manne a gashin wajen ko a saman kashi. Maganinta firazikwantel ne, tare da kashe ƙumar da ke jikin karen da makwancinsa. Allurar aibamektin da ake yawan yi wa karnuka saboda kaska da ƙazuwa ba ta kashe tsila. Idan an ba da maganin da ya dace amma jan ɗuwawu bai tsaya ba, to ba a ci gaba da ɗura wa kare maganin tsutsa ba ke nan, jakunkunan za a duba.

Zato na biyu shi ne basir. Mutane kan auna ciwon dabba da nasu, in sun ga kumburi da jini a dubura sai su ce basir ne, har a nemo jiƙo ko man shafawa irin na mutane. Basir irin wanda ɗan Adam ke yi abu ne mai wuyar samu a jikin kare. Abin da ake gani yawanci ƙurjin jaka ne, ko fitowar dubura bayan doguwar gudawa, musamman a jikin kwikwiyo, ko kuma ƙari.

Wanda ya fi muhimmanci ga masu karnukan gadi shi ne gyambon dubura mai ramuka, domin cuta ce da ta fi kama Alsatian, shi kuwa Alsatian yana cikin karnukan da aka fi ajiyewa don gadi a Nijeriya. Binciken Landan da aka ambata ya nuna cewa toshewar jaka ta fi damun ƙananan karnukan ɗaki irin su Cavalier King Charles da Shih Tzu, Alsatian kuwa yana cikin waɗanda ba ta cika kamawa ba. Amma a gyambon mai ramuka, mafi yawan waɗanda ake gani Alsatian ne, galibi masu matsakaicin shekaru. Ba rami ɗaya yake yi a gefe guda ba. Ƙananan huji ne da yawa ke ɓullowa kewaye da dubura, su yi ta haɗewa har wurin ya zama ɗanyen nama mai ɗoyi. Kare ya rame, kashi ya zame masa azaba, ba ya barin kowa ya ɗaga wutsiyarsa, wadda dama a wannan jinsi a sauke take tana rufe wurin. A yau likitoci sun fi karkata ga cewa garkuwar jikin karen ce ke yaƙar namansa, shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba ya warkar da shi. Ana amfani da magungunan kwantar da garkuwar jiki, irin su siklosuforin na sha da man takurolimus na shafawa, na tsawon watanni, wani lokaci tare da sauya abinci. Maganin yana da tsada, cutar kuma takan dawo. Duk da haka wanda aka kama da wuri ya fi saurin lafawa nesa ba kusa ba. Saboda haka Alsatian ɗin da ke yawan lasar bayansa bai kamata a tsaya gwaje-gwaje a kansa a cikin kamfani ba.

Sai ƙari, wanda iri biyu ne ya kamata a sani. Akwai wanda ke fitowa a fatar kewayen dubura a jikin tsofaffin karnuka maza da ba a fiɗiye ba. Yawanci ba mai yaɗuwa ba ne, fiɗiya kuma takan sa ya motse. Akwai kuma ciwon daji na ita kanta jakar, wanda ke kama tsofaffi, maza da mata, yawanci masu shekara goma ko kusa da haka. Shi wannan mugu ne, yana saurin tafiya zuwa kaluluwar da ke cikin ƙugu. Yakan sa sinadarin kalsiyam ya hauhawa a jini, sai kare ya riƙa shan ruwa da yawa yana yawan fitsari, abin da a zafin Kano da wuya wani ya ɗauke shi a bakin komai. Kashi ma kan fito a baje saboda ƙarin ya danne hanya. Da yatsa likita ke gano shi, sau da yawa ma a lokacin da ake duba kare kan wata larura daban.

Ƙaiƙayin fata na rashin jituwa da wani abinci ko da cizon ƙuma shi ma yana sa lasa da jan ɗuwawu, kuma shi kansa yana cikin abubuwan da ke kumbura bakin bututun jakar. Haka nan da damina akwai tsutsar ƙudan tumbu, wanda ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ko kashi ya ɓata, tsutsar ta huda fata ta zauna, wurin ya tashi da ɗan rami a tsakiya. Ita a ko'ina take fitowa a jiki, kuma yawanci fiye da ɗaya.

Karen gadi a Bompai da Sharaɗa da Chalawa

Bompai ce mafi daɗewa cikin unguwannin uku, tun zamanin Turawa aka fara kafa masana'antu a can. Sharaɗa, wadda aka kasa kashi uku, da Chalawa ta ƙaramar hukumar Kumbotso suka biyo baya. Akwai majemu da masaƙu da kamfanonin roba da na kayan abinci. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 masana'antu da yawa suka durƙushe saboda matsin tattalin arziki da rashin wutar lantarki, amma gine-ginen da injinan da ke ciki suna nan, kuma dole a tsare su. A irin waɗannan wurare abin da ya rage mai rai a bayan katanga shi ne maigadi da karnukansa. Ana samun Alsatian da Rottweiler da Boerboel, da karnukan gida, da kuma barbarar yanyawa tsakanin su.

Abu na farko da ke jawo matsalar a nan shi ne abinci. Abincin kare na buhu ya yi tsada, don haka yawanci abin da ya samu ake zuba wa: ragowar shinkafa da tuwo daga masu sayar da abinci a bakin kamfani, taliya, romo mai yaji da mai, kitse da tarkacen mahauta, yau da yawa gobe babu. Cikin kare ba ya son irin wannan sauye-sauye. Kashinsa yakan kasance ruwa-ruwa ko taɓo-taɓo kwana da kwanaki, irin wanda ba zai iya matse jakar ba. Wata rana kuma a jibga masa ƙasusuwa zalla, kashin ya fito fari ƙeƙasasshe, da ƙyar da yunƙuri, ya ƙuje bakin dubura. Duka biyun suna kaiwa ga toshewa. Sau da yawa in aka bi diddigi za a tarar karen ya yi gudawa mako ɗaya ko biyu kafin ya fara jan ɗuwawu.

A kusa da majemu akwai ƙarin haɗari. Tarkacen naman da ake kankarewa daga fata bayan an jiƙa ta a ruwan farar ƙasa da sinadarin cire gashi ba abincin dabba ba ne, ko da kuwa kare zai ci da marmari. Haka ruwan da ke fita daga majemu da marinar masaƙu, wanda ke bin magudanai zuwa rafin Salanta da kogin Chalawa, ko zuwa Getsi da Jakara daga ɓangaren Bompai, yana ɗauke da sinadarai irin su kuromiyam. Karen da aka bari da busasshen kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, duk ruwan da ya gani zai sha, cikinsa kuma ya ɓaci.

Abu na biyu da ke jawo matsalar shi ne rashin motsi. Akan kulle karen gadi a keji ko a ɗaure shi da sarƙa yini guda, wai don ya ƙara zafi, sai dare a sake shi. Wani ma ba a sakinsa sam. Karen da ba ya tafiya hanjinsa yakan yi sanyi, tsokarsa ta saki, in kuma ana cika shi da tuwo da mai sai ƙiba ta hau. Ƙiba kuwa tana cikin abubuwan da likitoci ke dangantawa da yawan toshewar jaka. Ga shi kuma yana zaune a kan kashinsa da fitsarinsa, ƙuda na bin duk wani ɗan rauni.

Na uku, wanda ya fi sauran, shi ne babu mai dubawa. An sayi karen ne don a ji tsoronsa, kuma kowa na tsoronsa, har da wanda aka ɗora wa kula da shi, wanda sau da yawa daga nesa yake tura masa kwano. Mai kamfani ba ya ganin karen sai ta gilashin mota. Maigadi kuwa, ko ya lura, yana nauyin ya tari maigida da maganar duburar kare, ga kuma fargabar a ce sakacinsa ne a cire kuɗin magani daga ɗan albashinsa. Inda ake canjin masu gadi dare da rana ma, kowa sai ya bar wa ɗan'uwansa. Alhali abin da ake bukata bai wuce ya ce, "Ranka ya daɗe, karen nan kwana uku ke nan yana jan ɗuwawu, ya kamata likita ya gan shi," maigida kuma ya karɓi maganar da muhimmanci. Kamfanin da ya iya sayen kare da kuɗi masu yawa ba shi da hujjar jin ƙyashin kuɗin likita.

Magani

Toshewa maras ƙwayar cuta ana warware ta ne da matse jakar a fitar da abin da ke ciki. Likita yakan sa safar hannu, ya shafa mai a manuniya ya zura ta cikin dubura, ya kama jakar tsakaninta da babban yatsa daga waje, ya tatso ta a hankali zuwa bakin bututun yana tare ruwan da auduga, sannan ya koma ɗaya gefen. Wannan hanya ta fi fitar da komai, kuma tana ba shi damar jin ko akwai ƙari. Akwai kuma matsewa daga waje, wato a ɗaga wutsiya sama, a ɗora yatsu biyu a ƙasan jakunkunan, a danna ciki da sama. Mai kare zai iya koyon wannan a wajen likita idan karensa mai yawan toshewa ne kuma mai sauƙin hali. Amma ba a yi wa karen gadi ba tare da takunkumi da mutum na biyu da zai riƙe shi ba, kuma ba a matsa wurin da ya riga ya kumbura ya yi ja, domin jakar tana iya fashewa ta ciki. Lafiyayyen karen da ba ya nuna wata alama ba ya bukatar a riƙa matse shi lokaci-lokaci. Yawan matsa yana iya kumbura bututun ya jawo abin da ake gudu.

Idan ƙwayoyin cuta sun shiga, akan yi wa kare allurar sa barci, a zura siririn bututu a wanke cikin jakar da ruwan gishiri na asibiti, sannan a ɗura man da ya haɗa maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage kumburi. Akan maimaita bayan mako ɗaya ko biyu. Ƙurjin da ya nuna kuwa tsaga shi ake yi a wanke, a bar shi a buɗe ya warke daga ciki, a haɗa da maganin sha da na rage zafi. A gida, gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi na 'yan mintoci, sau biyu ko uku a rana, yana taimakawa in karen zai yarda. Akan sa masa abin wuya na roba mai faɗi don hana lasa. Dole ne kuma a wanke kejin kullum a kare shi daga ƙuda, domin rauni a wannan wuri da damina ba ya ɗaukar kwanaki kafin ya yi tsutsa.

Akwai abubuwan da ake yi da kyakkyawar niyya amma suna cutarwa. Baƙin mai da kananzir da Izal ƙona naman suke yi, karen kuma ya lashe su ya haɗiye. Maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibufurofen da daikulofenak, yana iya huda cikin kare ko ya lalata masa ƙoda. Fasa kafso a barbaɗa a kan rauni ba ya kaiwa inda cutar take.

Karen da larurar ke yi wa dawo-dawo duk da magani, ko wanda aka samu ƙari a jakarsa, tiyata ake yi a cire jakar ɗungurungum. Kare yana rayuwa lafiya lau ba tare da ita ba. Sai dai aikin na ƙwararre ne, domin jijiyar da ke sarrafa tsokar dubura tana kusa, in aka taɓa ta kare zai riƙa sakin kashi ba da saninsa ba, na ɗan lokaci ko na dindindin. In kuma aka bar guntun bangon jakar a ciki, wurin zai yi ta tsiyaya. Akan jira kumburi ya lafa kafin a yi.

Rigakafin kuwa a kwano yake. Abinci iri ɗaya, a lokaci ɗaya, ba yaji, ba mai da yawa, da nama ko kifi daidai gwargwado. Ƙara ɗan abin da ke sa kashi ya yi jiki, kamar dafaffiyar kabewa ko dankalin Hausa ko 'yar dusar alkama, yana taimaka wa mai yawan toshewa, a fara da kaɗan a ga yadda cikinsa zai karɓa. Ruwa mai tsabta a inuwa dare da rana. A sake shi ya zaga harabar kamfani. A ba shi maganin tsutsa da na ƙuma a kan kari. Wanda ke share keji shi ya fi kowa sanin lafiyar karen, domin shi yake ganin kashinsa kowace safiya, don haka shi ya kamata likita ya fara tambaya.

Tsabta da neman likita

A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen Kano ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma kashinsa da mugunya najasa ne. Mai jinyar kare sai ya sa safar hannu, ya keɓe tufafin aikin, ya wanke hannu da sabulu. Ƙyamar wurin ba ta sauke nauyin da ke kan wanda ya tsare dabba, domin addini ya yi horo mai tsanani a kan wanda ya kulle ta ya bar ta cikin wahala. Tunda kuma kare mai ciwo yana iya cizon ko da wanda ya saba da shi, wajibi ne a tabbatar an yi masa rigakafin cutar haukan kare kuma ana sabunta ta. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu samar da wannan allura. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

A cikin birnin Kano akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a Gwale da Kundila, ga kuma masu zaman kansu, waɗanda da yawansu kan je har kamfani su duba kare a inda yake. Larurar da ta kai ga tiyata mai wuya, ko gyambon Alsatian, ko zargin ciwon daji, akan tura ta Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Hukumar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ce ke yi wa likitoci rajista, kuma mai kare yana da haƙƙin ya tambayi shaidar wanda zai sa wa dabbarsa wuƙa, domin masu yawo da jakar allura ba su da iyaka.

Duk kamfanin da ke da karnuka ya kamata ya ware mutum ɗaya da suka saba da shi, ya saya masa takunkumi da safar hannu, ya ba shi lambar likita da izinin kira ba sai ya jira maigida ba. Karen da ya yi kwana biyu yana jan ɗuwawu ko lasar bayansa a kira masa likita a cikin makon. Wanda aka ga kumburi ko jini a jikinsa kuwa, a kira a ranar.